Teku a Cikin Ɗaki: Haɗa Tankin Kifin Ruwan Gishiri da Makwarara Marar Ƙara

Tankin kifin ruwan gishiri, wanda masu sha'awarsa ke kira akwariyam na teku, akwati ne na gilashi da ake cikawa da ruwa mai ɗanɗano da sinadarai irin na teku, domin a kiwata kifaye masu launi da murjani da sauran halittun da ba sa rayuwa a ruwan kogi ko na rijiya. Abin da baƙo yake gani shi ne kifi da duwatsu da hasken fitila, alhali rabin aikin yana ɓoye a bayan gilashin da kuma ƙarƙashinsa, inda ruwa ke gangarawa ta bututu zuwa wani tanki na biyu, a tace shi, sannan inji ya mayar da shi sama, dare da rana babu tsayawa. Wannan hanya ta saukar ruwa, wadda za a kira makwarara, ita ce ke bambanta tankin da ake jin daɗin zama kusa da shi da wanda ke ta ƙugi kamar indararo a daren marka, kuma daga gare ta ne ake sanin ko mai gida zai kwana lafiya ko zai wayi gari ya tarar ruwan gishiri ya malale masa tsakar ɗaki.

Ruwan da ake haɗawa

A kowace lita ta ruwan teku akwai kimanin giram 35 na gishiri, sai dai wasu tekuna sun fi wasu, domin Bahar Maliya, wadda alhazai ke gani a Jidda, kuma birnin Port Sudan ke bakinta, tana kaiwa wajen giram 40 saboda zafin rana da ƙarancin kogunan da ke zuba a cikinta. Kimanin kashi 85 cikin 100 na wannan gishiri irin na miya ne, ragowar kuwa sinadarai ne kamar magniziyam da salfet da kalsiyam da fotasiyam, waɗanda murjani ke gina ƙashinsa da wasunsu, kifi kuma ke daidaita jikinsa da su. Saboda haka gishirin kasuwa ba ya wadatarwa komai kyansa, sai gishirin da kamfanoni suka haɗa musamman domin wannan aiki, wanda tanki mai lita 300 zai ci fiye da kilo 10 daga cikinsa a cikawar farko. Ana auna yawan gishirin da wata 'yar na'ura da ake ɗiga mata ruwa a leƙa ta cikinta, ana neman ta nuna 1.025 ko 1.026, ma'ana nauyin ruwan ya ninka na ruwan sha sau wannan adadi.

Ruwan da za a narkar da gishirin a ciki ma sai an tace shi da matatar da ke tura ruwa ta wata fata mai ƙananan ƙofofi ƙwarai, domin ruwan famfo yakan zo da kulorin, na burtsatse kuma da narkakken ƙarfe ko sinadaran takin zamani, waɗanda ke haifar da gansakuka. Babu abin da ya kai jan ƙarfe haɗari a nan, tun da ɗan kaɗan daga cikinsa yana kashe murjani da jatan lande da katantanwa, shi ya sa ba a sa kan famfo ko bawul na tagulla ko'ina a hanyar ruwan, sai na roba. Wata ƙa'ida da sabon shiga kan manta ita ce idan ruwa ya ƙafe gishiri ba ya binsa, kamar yadda masu haƙar gishiri a Bilma suka daɗe da sani, don haka abin da ya ragu ta hanyar ƙafewa da tataccen ruwa marar gishiri ake cike shi.

Nauyi, gilashi da mazauni

Tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 50, tsayi 50, yana ɗaukar lita 300, wato jarka 12 masu lita 25, kuma idan aka haɗa nauyin ruwan da na gilashi da duwatsu da yashi da tankin ƙasa, abin yakan haura kilo 400, kwatankwacin buhun siminti 8 a jibge a wuri ɗaya. Wannan ne ya sa ake ƙera masa teburi na musamman, a daidaita shi da ma'aunin magina har sai kusurwa huɗu sun zauna daidai, domin karkata kaɗan tana ɗora nauyin a kan gefe guda, ta gajiyar da silikon ɗin da ya riƙe gilashin. Silikon ɗin kuwa ya zama wanda ba a sa masa maganin fumfuna ba, saboda irin wanda ake liƙe banɗaki da shi guba ne ga halittun ruwa. Ana nisanta tankin daga taga mai shigo da rana, ana kuma barin sarari a bayansa inda hannu zai iya kaiwa ga bututu.

Huda gilashin, inda bututun makwarara za su ratsa, aiki ne da ake yi kafin ruwa ya taɓa tankin, da haƙorin huji mai garin daimon, ana zuba ruwa a wurin ana tafiya a hankali ba tare da dannawa ba. Akwai gilashin da aka gasa domin ya yi ƙarfi, irin na tagogin gefen mota, wanda ba ya huduwa ko kaɗan, da an taɓa shi sai ya tarwatse ya zama tsakuwa, kuma kamfanoni da yawa da shi suke yin gindin tanki, don haka wajibi ne a tabbatar da irin gilashin tukuna. Kowane huji ana barin tazara tsakaninsa da bakin gilashi wadda ba ta gaza faɗin hujin ba, sannan a ɗaura masa maɗauri mai zare da zoben roba, a ƙara masa ƙarfi da hannu kawai.

Ma'aikatan da ido ba ya gani

Kifi yana fitar da amoniya ta sassan numfashinsa da kuma kashinsa, ita kuwa amoniya guba ce mai saurin kisa a ruwan teku. Abin da ke kawar da ita ƙwayoyin bakteriya ne da ke zama a jikin duwatsu da yashi, wani rukuni ya mayar da ita naitirayit, wanda shi ma ba a so ya taru, wani rukunin kuma ya mayar da wannan naitiret, wanda illarsa kaɗan ce kuma ana rage shi ta hanyar sauya kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako ko biyu. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yawaita sukan ɗauki mako 4 zuwa 6, kuma a tsawon wannan lokaci tankin yana aiki babu kifi ko ɗaya, ana ɗan sa masa abinci ya ruɓe, ana gwada ruwan har sai amoniya da naitirayit sun koma sifiri. Sannu ba ta hana zuwa, kuma mafi yawan kifin da ke mutuwa a watan farko gaggawar mai shi ce ta kashe shi.

Duwatsun da ake jerawa masu ƙofofi ne kamar soso, asalinsu ƙashin tsohon murjani, kuma amfani da su tare da haske mai ƙarfi da na'urar kumfa, wadda ke kaɗa ruwa da iska ta kwashe dauɗa a cikin kumfar, shi ne tsarin da masu kiwo a Jamus suka yaɗa tun shekarun 1970, har ake kiransa tsarin Balin. Murjanin tanki dabba ce mai ɗauke da ƙananan tsirrai a cikin naman jikinta, su ne ke ciyar da ita idan sun sami haske, kuma ya bambanta da jan murjanin da mata ke ado da shi, wanda ake cirowa daga tekun Bahar Rum. Wajen zaɓen kifi, wanda aka haifa a gidan kiwo, kamar ɗan kifin nan mai ruwan lemo da farin ɗamara da fim ɗin Finding Nemo ya shahar a 2003, ya fi wanda aka kamo daga teku juriya, ga shi kuma sayensa ba ya ƙarfafa masu kamun kifi da gubar sayanayid, al'adar da ta lalata murjani mai yawa a Filifin da Indonesiya.

Dalilin saukar da ruwa

A shekarun 1840 wata mata a Landan mai suna Anna Thynne ta yi nasarar raya murjani a cikin kwano na tsawon shekaru, kuma dabararta ita ce a kullum mai aikinta ta riƙa juya ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a gaban buɗaɗɗiyar taga domin ya sha iska. Bayan 'yan shekaru, a 1853, gidan namun dajin Landan ya buɗe ɗakin kifi na farko ga jama'a, masanin halittu Philip Henry Gosse kuma ya yaɗa sunan akwariyam a littafinsa na 1854. Makwarara ta zamani aikin waccan mai aiki take yi ba hutawa, domin a fuskar ruwa ne iskar oksijin ke shiga, a nan ne kuma wani maiƙo na dauɗa ke taruwa ya yi yana kamar ta madara, ya toshe shigar iskar ya rage haske. Idan ruwan saman ne kaɗai ke tsallake wata 'yar madatsa ya faɗa cikin akwatin makwarara, yanar tana tafiya tare da shi, fuskar ruwan kuma ta zauna garau.

Daga akwatin makwarara ruwan yana sauka zuwa matattara, wato tanki na biyu da ke cikin kabad ɗin teburin, inda ake ɓoye na'urar kumfa da matata da injin mayar da ruwa. Ruwan da injin ya tura sama shi ne daidai wanda zai tsallake madatsa ya dawo, saboda haka tsayin ruwan babban tanki ba ya canzawa, duk ƙafewar da aka yi a sashen ƙarshe na matattara take bayyana, inda ake ja layi a jikin gilashi domin a san abin da ya ragu. Yawanci ana so ruwan da ke zagayawa a awa ɗaya ya ninka girman tankin sau 3 zuwa 5, wato lita 900 zuwa 1,500 ga tankin da aka kawo misalinsa.

Inda ƙarar take fitowa

Ruwa shi kaɗai a cikin bututu ba ya ƙara, iska ita kaɗai ma haka, haɗuwarsu ce ke kawo hayaniya. Idan aka kafa buɗaɗɗen bututu a tsaye ruwa yana faɗawa ta bakinsa, ruwan yakan yi juyi ya jawo iska, ya toshe bututun na ɗan lokaci, ya zuƙe da ƙarfi har bakin ya bayyana, iska ta sake shiga da sauti irin na mai kurɓar kunu da zafi, sannan a koma farko. Hanyoyi biyu ne kawai ruwa ke sauka shiru. Ta farko ita ce ya zama kaɗan ƙwarai, yana bin jikin bututun kamar gumi, iska kuma tana tsaye a tsakiya ba abin da ya dame ta, abin da ke yiwuwa matuƙar ruwan bai wuce wajen rubu'in cikin bututun ba. Ta biyu ita ce ya cika bututun maƙil babu ko ƙwayar iska, ya zama zuƙo, irin wanda ake gani idan direba ya sa tiyo a tankin mota ya ja mai zuwa jarka, inda nauyin abin da ke gangarawa ke jawo na bayansa.

Zuƙo yana da ƙarfin da ke ba da mamaki, domin a lissafi ruwan da ya sauka mita ɗaya yana gudun sama da mita 4 a daƙiƙa, wanda a bututu mai faɗin milimita 25 ya kusa lita 8,000 a awa kafin a cire abin da gogayya da lanƙwasa ke ragewa. Wannan ya ninka abin da injin ke turowa sau da yawa, don haka idan aka bar shi a sake zai kwashe akwatin makwarara nan take ya shaƙi iska, dole sai an rage masa hanya da bawul har abin da yake ja ya yi daidai da abin da ke shigowa. Akwai kuma ƙara ta biyu wadda ba ta bututu ba, wato ta faɗuwar ruwa daga kan madatsa, kuma maganinta shi ne a tsawaita madatsar, ko da daga wannan bango zuwa wancan, domin ruwan ya zama siriri yana lallaɓa jikin gilashi, a kuma riƙe ruwan cikin akwatin a sama yadda faɗuwar ba za ta wuce 'yan santimita ba.

Tsari uku da aka fi sani

Mafi sauƙi shi ne bututun Durso, mai ɗauke da sunan Richard Durso, Ba'amurken da ya yaɗa shi a ƙarshen shekarun 1990. Bututu ɗaya ne a tsaye, an lanƙwasa bakinsa ya dubi ƙasa ya nutse cikin ruwa, an rufe samansa da murfi mai ɗan huji da ke barin iska kaɗan ta shiga don kada zuƙo ya kama. Yana rage ƙara sosai idan ruwan ba shi da yawa, amma tun da har yanzu iska da ruwa tare suke tafiya, yakan cika matattara da kumfa da feshin gishiri, kuma duk ranar da busasshen gishiri ya toshe hujin murfin sai ruwan akwatin ya shiga hawa da sauka yana kurɓa.

Na biyu shi ne tsarin Herbie, laƙabin wani mai kiwo da ya bayyana shi a 2004, wanda ke amfani da bututu biyu. Na farko gajere ne, bakinsa a nutse kimanin santimita 15 ƙasa da na biyu don kada juyin ruwa ya jawo iska, an sa masa rariya saboda katantanwa, yana aiki a matsayin cikakken zuƙo, da bawul a can ƙasa kusa da matattara. Bawul mai ƙofa da ake murɗawa zagaye da yawa ya fi mai hannu da ake juyawa sau ɗaya, domin gyaran da ake buƙata ɗan mitsitsi ne. Ƙarshen wannan bututu yana nutsewa cikin ruwan matattara da santimita 2 ko 3 kawai, tun da idan ya yi zurfi iskar da ke ciki ba za ta iya fita ba lokacin da injin ya tashi. Bututu na biyu dogo ne, a buɗe, babu bawul babu rariya, aikinsa jiran ranar da na farko zai toshe. Wajen saiti ana buɗe bawul gaba ɗaya, a kunna inji, sannan a riƙa rufewa kaɗan kaɗan ana jira minti biyu ko uku tsakanin kowane murɗi, ana kallon ruwan akwatin yana hawa, kumfar matattara tana raguwa, har ya tsaya daf da leɓen dogon bututun, a daidai lokacin da ƙarar ke ɗaukewa sai ɗan gunjin inji.

Na uku, wanda ake kira Bean Animal, shi ma laƙabin wanda ya wallafa shi ne a 2008, ya ƙara bututu guda a tsakiya domin magance raunin Herbie, wato sauyin da ƙarfin inji ko dauɗar bututu ke kawowa wanda ke sa a yi ta taɓa bawul. Ana saita zuƙon ya ɗauki kusan duka ruwan, ɗan ragowar kuma ya bi bututu na tsakiya yana gangarawa a jikinsa shiru, ta yadda ƙaramin sauyi ba ya ɓata saitin. A saman wannan bututu akwai siririn tiyo na iska da aka lanƙwaso bakinsa ya tsaya kaɗan sama da ruwan akwatin, idan zuƙon farko ya toshe ruwa ya hau ya rufe bakin tiyon, iska ta yanke, sai bututun da kansa ya rikiɗe ya zama zuƙo na biyu. Na ukun yana nan a bushe a matsayin madogara ta ƙarshe.

Ranar da aka ɗauke wuta

Ga mai zama a Kano ko Kaduna ko Damagaram, ɗaukewar wuta abu ne na yau da kullum, don haka a kanta ake gina lissafin tun farko. Da zarar inji ya tsaya, ruwan da ke sama da madatsa da wanda ke cikin bututu duk zai gangara matattara, bututun mayar da ruwa ma zai juya ya zama zuƙo ya riƙa jan ruwa baya har sai bakinsa ya fito fili. A tanki mai santimita 120 da 50, kowane santimita ɗaya na tsayi lita 6 ne, saboda haka idan bakin bututun ya nutse santimita 3, lita 18 za su sauka ban da na akwati da na bututu, idan kuwa ya nutse santimita 15 lita 90 ne, abin da ba kowace matattara ce za ta iya ɗauka ba. Dabarar ita ce a ajiye bakin kusa da fuskar ruwa, a bar wa matattara sararin da ya fi lissafin, kada a dogara ga bawul mai hana komowar ruwa, domin ƙwayar yashi ɗaya tana hana shi rufuwa. Ta ɗaya ɓangaren kuma, sashen da injin ke zaune a ciki ana yin sa ƙarami, yadda ko duk bututu sun toshe ruwansa zai ƙare kafin babban tanki ya tumbatsa.

Bayan awanni kaɗan babu motsi oksijin yakan ragu har kifi ya fara haki, shi ya sa inbata da batir ko sola, ko aƙalla ɗan injin iska mai batir, suke cikin kayan farko da ake saya. Zafi ma abin lura ne, domin ana son ruwan ya zauna tsakanin digiri 24 da 27, alhali a Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin bazara yana wuce 40, murjani kuwa idan zafi ya daɗe a kansa yakan kori tsirran jikinsa ya yi fari fat. Fanka da ke hura fuskar matattara tana sanyaya ruwan kamar yadda randa ke yi, sai dai tana ƙara ƙafewa, musamman da hunturu lokacin da iska ta bushe, kuma a tsakiyar bazara ba makawa sai na'urar sanyaya ruwa ko ta ɗaki.

Kafin gishiri ko kifi ya shiga, ana cika tsarin da ruwan famfo a yi masa gwaji uku, mai gida yana tsaye da tsumma a hannu. A kashe inji a jira har ruwa ya daina sauka a ga inda ya tsaya a matattara, a sake kunnawa a ga ko zuƙo zai kama da kansa cikin 'yan mintoci ba tare da an taɓa bawul ba, sannan a rufe bawul ruf kamar katantanwa ta toshe shi, a tabbatar bututun ko-ta-kwana ya ɗauke ruwan duka shi kaɗai. Shi wannan bututu da gangan ake yanke ƙarshensa sama da ruwan matattara, domin duk ranar da ya fara aiki ya yi ta fantsama da ƙarfi, kuma tun da sauran tsarin shiru yake, mai gida zai ji shi ko daga ɗakin kwana, ya san lokacin cire rariya a wanke ya yi.